Daga Tukku Uku Zuwa Walimar Sauka: Yadda Girman 'Ya Mace Ya Sauya a Nguru da Gashuwa

A zamanin kakanni, a Nguru da ƙauyukan Mangawa da ke kewaye da ita, ba sai an tambayi shekarun yarinya ba, kanta ya isa ya faɗa. Ƙaramar yarinya a gidan Barebari aski ake yi mata a bar tukku uku, na goshi da na tsakiya da na ƙeya, abin da suke kira kla yakke. Duk wanda ya hango ta a bakin rijiya ya san ba ta shiga ɗaki ba. Ranar da aka zaunar da ita gaban makitsiya aka yi mata kitson manyan mata, aka turara ta, ta yafa lafaya, to ta fita daga sahun yara ke nan, ko da kuwa shekarunta 13 ne. Daga ranar an daina aikenta kasuwa, sai an yi sallama kafin a shiga ɗakinta, in kuma mata sun taru a gidan suna da ita za a zauna.

Yau in ka tsaya a bakin titin da ya ratsa Gashuwa da safe, lokacin tafiya makaranta, kawunan duk a cikin hijabi suke. Lafayar da a da ita ce shaidar matar aure, yanzu 'yan mata ne suka fi iya naɗa ta a wajen biki. 'Yar shekara 16 da aka kai ɗaki bara da 'yar shekara 24 da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, in suka jero, baƙo ba zai iya cewa ga matar aure ga budurwa ba. Alamomin sun gauraye. Amma batun ya wuce aski da tufafi. A da balaga da aure kusan tare suke zuwa, wata shida ko shekara ɗaya a tsakani. Yanzu ga dubban 'yan mata, musamman na cikin gari, an samu tazarar shekara biyar, takwas, har goma. Kuma al'adar da muka gada ba ta tanadi komai domin waɗannan shekaru ba, don ba ta san da zuwansu ba.

Abin da ya faru a ƙasar Krobo

Ba mu kaɗai irin wannan sauyi ya shafa ba. A kudu maso gabashin Ghana, a garuruwan Odumase da Somanya, akwai al'ummar Krobo, waɗanda suka yi suna wajen ƙera duwatsun ado na gilashi. Suna da wani biki mai suna Dipo da ake yi wa 'yan mata a wajejen watan Afrilu. Ana yi wa yarinya aski, a killace ta, tsofaffin mata su koya mata girki da tsabtar jiki da zaman gidan miji. A kai ta rafi a yi mata wanka, a zaunar da ita kan wani dutse da suka yi imani zai tona asirin duk wadda ke ɗauke da ciki. A ƙarshe a lafta mata jigida da duwatsu masu nauyi, ta fito gaban jama'a ta yi rawar Klama. Wadda ta yi ciki kafin Dipo kuwa, a da korar ta ake yi daga gari.

A wancan zamani yarinya kan shafe watanni, wani lokaci fiye da shekara, a kan Dutsen Krobo tana karɓar wannan horo. A 1892 Turawan Ingila suka sauko da mutanen daga dutsen da ƙarfin bindiga, suka haramta bikin, 'yan mishan na Basel kuma sun daɗe suna yaƙarsa. Bai mutu ba, amma ya ƙanƙance. Abin da ake yi a shekara ya koma na 'yan kwanaki. Coci-cocin zamani suna kiransa bautar gumaka, masu rajin kare haƙƙin mata suna ƙyamar fito da yarinya ƙirji a waje, har ta kai yanzu da yawa suna ɗaura zane. Babban sauyin shi ne na shekaru: iyaye sun koma kai ƙananan yara, har da waɗanda ba su shiga firamare ba. Wani yana tsoron kada 'yarsa ta yi ciki kafin a yi mata, wani yana so ya haɗa 'ya'yansa duka a kashe kuɗi sau ɗaya, wani kuma yana gudun kada ta yi wayo a makaranta ko a coci ta ce ba ta so. Wata mai bincike 'yar ƙasar Holan, Marijke Steegstra, ta rubuta littafi guda a kan wannan taƙaddama.

Musulmin Nguru zai ce ina ruwanmu da wannan, mu da ba mu da dutse ba mu da rafin tsafi. Gaskiyarsa. Sai dai tambayar da ke ƙarƙashin rigimar tasu ita ce tamu: wa zai sanar da yarinya cewa ta girma, yaushe, kuma me za a koya mata? Su sun jawo bikin baya har ya faɗa kan yaran da ba su san abin da ake yi ba. Mu kuwa namu ya bi aure ya yi gaba, har ya zama amarya ta riga ta ji komai a wani wuri kafin gwaggonta ta buɗe baki.

Aure ne bikin

A wajen Hausawa da Barebari da Badawa, namiji yana da kaciya. A tara yara sa'o'in juna lokacin sanyi, wanzami ya yi aikinsa, a yi jinya tare, a fito da sababbin riguna. Mace ba ta da wani biki nata na daban. Aurenta na fari shi ne bikin girmanta. Haka Baba ta Karo ta ba da labarin ƙasar Zazzau a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954, haka Ronald Cohen ya tarar a Borno a shekarun 1950. Wannan fahimta ta shiga har cikin Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, inda sashe na 29, da ke magana kan ajiye shaidar zama ɗan ƙasa, ya ce duk macen da ta yi aure ana ɗaukarta a matsayin wadda ta kai shekarun girma. Da Majalisar Dattawa ta so cire wannan gaɓa a 2013, Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya tsaya kai da fata, aka bar ta, ƙasar ta ɗauki zafi na makonni.

Amma kafin ranar auren akwai makaranta, ko da ba ta da allo. Dandali ne ajin farko. Da farin wata 'yan matan unguwa su fito gaɗa, suna tafi suna faɗawa hannun juna. Waƙoƙin ba na wasa kaɗai ba ne. Cikinsu akwai kishiya, akwai uwar miji, akwai tsohon da ke neman yarinya da kuɗinsa, akwai auren dole. Abin da yarinya ba ta isa ta furta a gaban uwarta ba, a dandali take rera shi gari ya ji. Akwai ƙawance, wanda ba irin na yanzu ba ne, don ƙulla shi ake yi da kyauta da ramuwa, kuma babbar ƙawa ita ce za ta tsaya wa amarya har ɗakinta. Akwai talla, inda yarinya ke koyon lissafi da ciniki da sanin halin maza, tana tara wa uwarta kuɗin kwanuka da tasoshi.

Uwa kuwa ba ta magana. Wannan shi ne abin da masu kallonmu daga nesa suka fi kasa ganewa. Kunya ta hana ta, in 'yar fari ce ma ko sunanta ba ta kamawa. Don haka al'ada ta ɗora aikin a kan wasu: gwaggo, inna, matar kawu, da kaka wadda take abokiyar wasa, wadda za ta iya faɗin magana mai nauyi cikin raha. Su ne ke lura da ranar da yarinya ta fara ganin al'ada, su nuna mata yadda ake ƙunzugu da wankan tsarki. Su ne kuma ke kamu. Yarinya ta gudu ta ɓuya da ƙawayenta, wata tsohuwa ta lallaɓo ta shafa mata lalle ko ta fesa mata turare, sai kuka ya ɓarke. Daga nan zaman lalle, wanda a da kan kai mako guda, amarya na lulluɓe, hannu a zunguru, tsofaffi na shiga suna fita, kowa da abin da za ta faɗa mata. Alwanka ta yi mata wanka. A gidajen Barebari gwaggwanni su wanke mata kai, a yi kaulu dangi na wanke mata hannu da ƙafa suna ajiye kuɗi, a kwana ana wushe-wushe. Daren kai ta a durƙusar da ita gaban iyaye maza a yi mata faɗa.

Me ake faɗa mata? In aka tace shi, kalma ɗaya ce, haƙuri. Yi na yi, bari na bari. Kada mu ji, kada mu gani. Duk mai son ya yi kukan rasuwar wannan tsari, ya kamata ya fara da lissafa abin da ya ci. An kai yara ɗaki ƙugunsu bai gama buɗewa ba, naƙuda ta yi kwana biyu a ƙauyen da ba mota, aka wayi gari da yoyon fitsari, miji ya gudu. Wasu kuma wanzami ne ya yi musu yankan gishiri da sunan magani. Asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan Kees Waaldijk ya yi aiki tun shekarun 1980, ya ɗinke dubban irin waɗannan mata daga ko'ina a Arewa. Tsohuwar makarantar ta koya wa yarinya yadda ake zama, amma ba ta taɓa koya mata cewa tana iya cewa a'a ba. Ita ma tsohuwar da ke yi mata faɗan, haka aka yi mata.

Waɗanda suka rushe dandali

Ba mutum ɗaya ya yi wannan aiki ba. Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama matattarar baƙi masu cinikin gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen nama. Aka yi auratayya, al'adar Kano da ta Haɗeja suka cuɗu da ta Manga. A Gashuwa, fadar Mai Bade, Hausa ta mamaye kasuwa da tsakar gida, har ya zama yara da yawa a cikin gari suna jin Badanci amma ba sa mayarwa. Waƙar da kaka ta sani da harshenta, jikar ba ta da bakin rera ta.

Sai boko. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya shigar da 'ya'ya mata aji da yawan da ba a taɓa gani ba. Bayan shekara biyu aka kafa Izala a Jos, wa'azinta ya iso kowane lungu: kiɗan kalangu, cuɗanyar maza da mata, raye-rayen dandali, da wasu sassan kamu da wanka, duk suka shiga jerin bidi'a. Amma wa'azin nan da ya rufe dandali shi ne kuma ya buɗe Islamiyya ga 'yan mata da matan aure, yana kafa hujja da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda a Nurul Albab ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Abin da ya rage na fitar dare kuma, rikicin Boko Haram ya ƙarasa shi. Da aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa a watan Mayun 2013, ga dokar hana fita, ba uban da zai bar 'yarsa a waje bayan isha'i. Da zaman lafiya ya fara dawowa, waya ta riga ta shiga hannun kowa.

Akwai ranar da ba a mantawa da ita a wannan yanki. A 19 ga Fabrairun 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makarantar kwana ta Dapchi, garin da ke kan hanyar Gashuwa zuwa Damaturu. An dawo da mafi yawansu bayan wata guda, biyar sun rasu, Leah Sharibu kuma ba a sako ta ba. Ga uban da da ma da kyar aka shawo kansa ya bar 'yarsa ta wuce firamare, wannan ya zama hujja a hannu. In ka ce masa doka ta 2003 ta kare haƙƙin yara ta sa shekara 18 a matsayin shekarun aure, sai ya tambaye ka wa zai tsare masa ita kafin ta kai. Tambaya ce da ba a amsa ta da takarda. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kuma Arewa ce ta ɗauki kaso mafi tsoka. Ke nan a ƙauyukan Jakusko da Karasuwa da Machina da Yusufari tsohon tsarin yana nan da ransa. Sauyin da ake magana ya fi ƙarfi a cikin gari, a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa da malamai.

A irin waɗannan gidaje biki bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Kamu ya tashi daga tsakar gida ya koma ɗakin taro na haya, da mai saka kiɗa da mai ɗaukar hoto. Amarya ba ta ɓuya, ita ce ma ke zaɓen launin anko. Zaman lallen mako ya koma zanen fulawa na yini ɗaya. Dilka da halawa da turaren wuta da humra, waɗanda matan Barebari da Shuwa suka gada kaka da kakanni, sun zama sana'a mai tsada, ana kai amarya gidan mai gyaran jiki a biya. Ba laifi ba ne, mata da yawa da shi suke ciyar da gida. Sai dai mai gyaran jiki fata take gyarawa. Gwaggon da a da take da mako guda da amarya, yanzu in ta samu minti goma tsakanin mai kwalliya da motar ɗaukar amarya ta gode Allah. Sauran bayanin kuwa amarya ta riga ta kwaso shi daga zaurukan WhatsApp, da littattafan soyayya da ake turawa ta waya, da masu tallar kayan mata a TikTok, waɗanda kowace nasiharsu kwalba ce a ƙarshenta.

Sauka

Akwai biki ɗaya sabo da ya taso a cikin wannan tazara, kuma a ganina ba a ba shi darajar da ta kamace shi ba. Ƙasar Borno ta daɗe da suna wajen karatun Alƙur'ani, amma saukar da aka sani a da ta gardawa ce. Yanzu je ka walimar kowace Islamiyya a Nguru ko Gashuwa ka ƙirga. Sau da yawa 'yan matan sun fi mazan yawa. A jera su da hijabai iri ɗaya, kowace da allonta mai zayyana, a kira sunanta da na mahaifinta a lasifika, ta karanta farkon Baƙara a gaban malamai da masu unguwa. A gida a dafa abinci, a raba kalanda da hotonta, dangi su zo da kyauta. Wannan ne karon farko da gari ke taruwa domin 'ya mace ba don wani namiji ya zo ɗaukarta ba, sai don abin da ta yi da ƙwaƙwalwarta. Uban da ba zai taɓa zuwa wajen kamu ba, a nan yana sahun gaba.

Islamiyya ta kuma karɓi wani ɓangare na aikin gwaggo. A Ahalari da Ishmawi yarinya ke karanta hukuncin haila da wanka, a fili, ba tare da rufe fuska ba. Wannan ci gaba ne babba. Amma littafin fiƙihu hukunci yake bayarwa. Ba ya faɗa mata abin da za ta yi da ciwon mara, ko yadda za ta je makaranta a kwanakin al'ada alhali kuɗin audugar mata ya fi ƙarfin gidansu kuma makarantar ba ta da bayan gida mai ƙofa. Ba ya faɗa mata wa za ta kai wa ƙara in malami ko mai shagon unguwa ya fara yi mata maganar banza. Uwa har yanzu kunya take ji. Kaka tana ƙauye, ko ta rasu.

An gwada cike wannan gurbi a wasu wurare. A Zariya, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta shafe shekaru tana tara 'yan matan ƙauye rukuni-rukuni a ƙarƙashin wata babbar mace daga yankinsu, da yardar iyaye da malamai, ana koya musu karatu da lissafi da lafiyar jiki da yadda ake magana da manya. Shirin AGILE da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyinsa, wanda Yobe na cikin jihohin da suka shiga, shi ma yana da irin wannan sashe a makarantun sakandare. Ana kawo shi kamar sabon abu, alhali Nana Asma'u ta yi shi tun ƙarni na 19, lokacin da take naɗa mata a matsayin jaji, ta ba su malfa, su jagoranci tsofaffi da ƙananan 'yan mata daga ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu. Abin da ke ba ni tsoro da shirye-shiryen zamani shi ne suna da ranar ƙarewa. In kuɗin ya tsaya, mai koyarwar ta tsaya. Gwaggo ba alawus take karɓa ba. Da ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN da makarantun Islamiyya na unguwa za su ɗauki abin a matsayin nasu, da ya fi daɗewa.

Ko da an yi hakan, akwai abin da sauka da digiri ba su taɓa ba tukuna, wato matsayi. A gidan biki a Nguru har gobe ana raba mazauni biyu, ɗakin mata da ɗakin 'yan mata. Matar ƙane 'yar shekara 16 tana ɗakin mata, ana shawara da ita kan gara da kayan ɗaki, ana sa ta cikin adashin dangi. Yayar mijinta mai shekara 26, ma'aikaciyar jinya a asibiti, wadda albashinta ne ya sayi rabin shinkafar da ake dafawa, tana ɗaya ɗakin, kuma in aka rasa wanda zai miƙo ruwa ita za a ƙwala wa kira.